Ko Sinimar Fatalwa Tana Ba da Tsoro na Gaskiya?

 

Wata takarda ce ta jawo jawabinmu na yau, wadda wani magidanci ya aiko mana daga zangon Kumasi, a ƙasar Gana. Ya ce yana da ƙane saurayi, wanda ya kan zauna da dare ya kunna wasannin sinimar nan na Turawa, waɗanda a ke nuna iyali sun tare a gida fatalwa ta hana su sakat. Yaran gida kuwa su kan kewaye shi su yi ta kallo. To, ga shi yanzu 'yar mai takarda, mai shekara 6, ta ƙi barci in an kashe fitila, ba ta kuwa yarda ta zaga bayan gida ita kaɗai da dare. Da ya yi wa ƙanen magana, sai ya ce ai wasa ne kurum, kowa ya san ƙarya ne, abin da aka san ƙarya ne kuwa ba ya ba da tsoro na gaskiya. Shi ne ya ke tambayarmu, wa ke da gaskiya a tsakaninsu?

Malam, mun gode da takardarka. Amma kafin mu shiga, bari mu shata iyaka. Maganar aljanu da sauran abin da ke ɓoye fagen malaman addini ne, ba shi za mu taka ba. Abin da za mu duba shi ne abin da masana su ke iya aunawa, watau zuciyar mai kallo, da jininsa, da ƙwaƙwalwarsa, da barcinsa.

Don waɗanda ba su taɓa ganin irin wasan ba, kusan dukansu hanya ɗaya su ke bi. Miji da mata da 'ya'yansu sun sami wani tsohon gida da araha, sun kwashe kaya sun tare cikin murna. Kwana kaɗan sai kare ya ƙi shiga gidan, agogo ya riƙa tsayawa a sa'a ɗaya kullum dare, ƙofa ta buɗe ba wanda ya taɓa ta, ƙaramin yaro ya ce yana hira da wani wanda ba mai ganinsa sai shi. Maigida ya ce ba kome, tsufan gini ne. Kafin ya gaskata, abu ya riga ya yi nisa. Irinsu su ne The Amityville Horror na 1979, da Poltergeist na 1982, da Insidious na 2010, da The Conjuring na 2013. Wannan na ƙarshe an kashe kimanin dala miliyan 20 wajen shirya shi, ya kuwa jawo fiye da dala miliyan 300. Mutane ba sa zuba kuɗi haka a kan abin da ba ya taɓa su.

To, yanzu mu ɗauki hujjar saurayin nan, da ya ce wanda ya san abu ƙarya ne ba ya jin tsoronsa. Shahararren masanin halittun nan na Ingila, Charles Darwin, ya gwada wannan magana a kan kansa, ya kuwa ba da labarin a cikin wani littafi da ya buga a 1872. Ya je gidan namun daji na Landan, ya tsaya gaban akwatin da aka ajiye kasa, macijiyar nan mai kauri da muka sani a gonakinmu. Tsakaninsa da ita akwai gilashi mai ƙarfi. Ya kai fuskarsa dab da gilashin, ya ƙudura a ransa ko ta kawo sara ba zai motsa ba, tun da ya san ba yadda za ta yi ta same shi. Da ta kawo saran, kafin ya ankara sai ya ga ya yi tsalle da baya yadi ɗaya ko biyu. Hankalinsa ya san da gilashi, amma jikinsa bai tsaya jin shawarar hankali ba.

Dalilin haka yana cikin ginin ƙwaƙwalwa. Can ciki, daidai saitin kunnuwa, akwai waɗansu 'yan ƙululai guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ko wanne bai fi ƙwayar gyaɗa da yawa ba. Likitoci suna kiransu amigdala. Aikinsu kamar na mai gadin ƙofar gari ne. In ido ko kunne ya kawo labarin wani abu mai kama da haɗari, mai gadin nan ba ya jira sai an zauna a fada an bincika, ƙararrawa ya ke bugawa nan take. Bayan haka ne sashen tunani zai duba ya ce, "Kai, ashe tsumma ne, ba maciji ba." Hikimar da ke ciki a fili ta ke. Wanda ya yi tsalle don tsumma bai yi hasarar kome ba, wanda kuwa ya tsaya bincike a kan maciji ya yi hasarar ransa.

Da an buga ƙararrawa, sai waɗansu kaluluwai biyu da ke zaune bisa ƙoda su zuba wani ruwa cikin jini, sunansa adiranalin. Wani likita na Jami'ar Harvard a Amurka, Walter Cannon, ya bayyana aikin wannan ruwa tun a 1915, ya ce shirya jiki ya ke yi don faɗa ko gudu. Zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya yi sama sama, baki ya bushe, jini ya bar ciki ya koma ƙafafu da hannuwa. Hanta ta saki sukari cikin jini don a sami ƙarfin gudu, saboda haka Bahaushe da ya ce hantarsa ta kaɗa bai yi nesa da gaskiya ba. Tashin tsikar jiki ma waɗansu 'yan tsokoki ne a gindin ko wane gashi su ke ɗaurewa, irin yadda kyanwa ta ke kumbura gashinta in ta ga kare.

Ko wannan yana faruwa ga mutumin da ke zaune lafiya bisa kujera yana kallon hoto? An auna an gani. A 2015 waɗansu likitoci na Jami'ar Laiden, a ƙasar Holan, suka tara matasa 24 masu ƙoshin lafiya. Ko wannensu aka nuna masa wasa biyu, da tazarar fiye da mako guda a tsakani. Ɗaya Insidious ne, labarin iyalin da ɗansu ya kwanta barci ya ƙi farkawa, waɗansu halittu suna neman shiga jikinsa. Ɗayan kuwa hoton ilmi ne a kan masu noman inabi a Faransa. Kafin kallo da bayan kallo a kan ɗebi jininsu a auna. Sai aka ga wani sinadari da ke taimakon jini ya daskare, wanda likitoci ke kira sinadari na 8, ya ƙaru ga kashi 57 cikin 100 na masu kallo bayan wasan fatalwa. Bayan hoton inabi kuwa ga kashi 14 kaɗai ya ƙaru. Jinin bai kai ga yin gudaji ba, kada wani ya tsorata. Amma ga alama jiki shiri ya fara na tsai da jini, kamar mai jiran a ji masa rauni. Ba wanda ya isa ya umurci jininsa ya yi haka don wasa.

Tsoron nan kuwa iri biyu ne, ya kamata mu raba su. Na fari razana ce, watau zaburar da mutum ya ke yi in an yi ƙara ba zato. Wannan ba ta da wuyar jawowa. A cikin wani tsohon wasa na 1942, mai suna Cat People, an nuna wata mace tana tafiya ita kaɗai da dare, tana ji a jikinta ana bin ta. Can sai wani huci mai ƙarfi ya tashi, 'yan kallo suka zabura, ashe birkin motar fasinja ce ta tsaya. Tun daga ran nan masu sinima ba su daina wannan dabara ba. Na biyu kuwa fargaba ce, watau zaman ɗar-ɗar da mutum ya ke yi sa'ad da uwa ta ɗauki ashana ta nufi ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kiɗa ya ɗauke, ba abin da ya faru tukuna.

A 2020 masana na Jami'ar Turku, a ƙasar Finlan, suka buga sakamakon wani gwaji a kan waɗannan biyu. Sun sa mutane cikin injin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki, suka nuna musu Insidious da The Conjuring na biyu. A lokacin fargaba, sassan gani da ji su ne suka fi aiki, kamar mafarauci ya kasa kunne a daji. Da abin ya faɗo kwatsam, sai aiki ya koma sassan da ke auna haɗari su yanke shawarar abin yi. Da suka tambayi masu kallon irin waɗannan wasanni kuma, sai suka ce abin da ba a nuna ba ya fi ba su tsoro bisa wanda aka nuna, haka kuma labarin da aka ce ya faru da gaske. Ku riƙe wannan ta ƙarshe, za mu komo kanta.

Wata shaida kuma ta fito daga wata mace a Amurka, wadda likitoci suka sakaya sunanta. Wata cuta da ba a cika samu ba ta lalata mata amigdala duka biyu. A 2011 masana na Jami'ar Iowa suka ba da labarin yadda suka yi ta neman su tsorata ta. Suka kai ta kantin da a ke sayar da macizai, ta ɗauki ɗaya tana shafawa. Suka kai ta wani tsohon asibiti da aka mayar gidan wasan dodanni, ta shige gaba tana dariya, har ta kai hannu ta taɓa wani mai shigar dodo, shi ne ma ya razana. Suka nuna mata guntayen wasannin ban tsoro, ko gezau. Amma in an nuna mata na ban dariya ta kan yi dariya, na baƙin ciki kuwa ta yi baƙin ciki. Abin lura a nan shi ne, mai gadin da ya kamata ya yi mata kashedin maciji na gaske, rashinsa ne ya hana ta jin tsoron hoto. Ashe ƙofa ɗaya su ke bi su biyun.

To, don me wasan iyali da gida ya fi sauran daɗewa a rai? Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Masu shirya waɗannan wasanni tsoron su ke ɗaukowa daga daji su kawo shi tsakar gida. In ka kalli wasan zaki, ka koma ɗakinka ba zaki. In ka kalli na jirgin ruwa da ya nutse, ga ka a tudu. Amma in ka kalli na gidan fatalwa, duk kayan aikinsa suna jiranka a ɗaki: ga ƙofa, ga madubi, ga ƙarƙashin gado, ga duhu. Har ila yau, wanda yaro zai gudu wurinsa shi su ke mayarwa abin gudu. A cikin The Conjuring uwa ce a ke shiga jikinta har ta nemi ran 'yarta. A cikin The Exorcist na 1973 kuwa yarinya ce mai shekara 12 ta juye uwarta ta kasa gane ta. Lokacin da aka fara nuna shi jaridu sun ba da labarin masu suma da masu amai a gidajen sinima, a 1975 kuma wani likitan taɓin hankali ya rubuta labarin mutum 4 da suka zo neman magani bayan sun kalle shi.

Ni kaina, da na ke shirya wannan jawabi, na zauna na kalli ɗaya daga cikinsu da dare, da takarda da fensir a hannu, ina ƙidaya dabarunsu ɗaya bayan ɗaya. Na san inda za a ɗauke kiɗa, na san abin da zai biyo baya. Duk da haka da na tashi kwanciya sai na ga na bar fitilar baranda a kunne, abin da ban saba yi ba.

Yanzu mu koma kan maganar nan ta "ya faru da gaske", wadda su kan rubuta a farkon wasa. Ku dubi na Amityville, wani ƙaramin gari a jihar Niyok. Gaskiya ne a watan Nuwamba na 1974 wani saurayi ya harbe mutum 6 na gidansu. Gaskiya ne a watan Disamba na 1975 wani iyali ya tare a gidan, ya fita bayan kwana 28, yana cewa an hana shi zama. Aka yi littafi a 1977, aka yi wasa a 1979. Amma a wannan shekara ta 1979 lauyan mai kisan ya fito ya ce da shi aka zauna aka ƙaga labarin. Mutanen gidan sun musa, sun tsaya a kan maganarsu. Waɗanda suka zauna a gidan daga baya kuwa sun ce ba abin da ya dame su sai 'yan kallo masu tsayawa a ƙofa.

Wani lokaci kuma mutane ba ƙarya su ke yi ba, sanadin ne ba su sani ba. A 1921 wani likitan ido a Amurka, W. H. Wilmer, ya buga labarin wani iyali da ya tare a wani babban gida. Suka riƙa jin takun sawu da dare, suna jin kamar dannau ya danne su a gado, ga ciwon kai, ga kasala, har shuke-shuken cikin ɗaki suka bushe. Da aka bincika sai aka tarar murhun ɗumama gidan ne ya lalace, yana zuba musu iskar nan mai guba da gawayi ko gas ke fitarwa in bai ƙone sosai ba, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Da suka daina shaƙarta, fatalwa ta ɓace. Wannan kam ba za ku gan shi a sinima ba. Saboda haka 'yan'uwa da ke ƙasashen sanyi, da masu kunna gawayi ko injin wuta kusa da ɗakin kwana, in duk gida ya tashi da ciwon kai da gane-gane, a fara buɗe taga a fita waje, a nemi likita da mai gyara.

Wani zai ce, in tsoron na gaskiya ne, me ya sa mutane su ke biyan kuɗi su sayo shi? Masana na Jami'ar Aarhus, a ƙasar Denmak, sun bincika wannan. Sun ɗaura wa mutum 110 abin auna bugun zuciya, suka bi su cikin wani gidan wasan dodanni a garin Vejle, suka buga abin da suka samu a 2020. Wanda tsoro bai taɓa shi ba bai ji daɗi ba, wanda tsoro ya yi masa yawa shi ma bai ji daɗi ba, mai matsakaici shi ya more. Kamar barkono ne a miya. Babban mutum yana iya daidaita nasa, gama ya san da gilashin nan na Darwin. Jikinsa zai yi tsalle, hankalinsa ya dawo da shi, ya yi dariya. In ya yawaita kallo kuma jikin ya kan saba, zaburar ta ragu. Saboda haka ƙanen mai takarda da ya ce shi ba ya jin kome, mai yiwuwa ne gaskiyar kansa ya faɗa. Kuskurensa shi ne da ya auna yarinya da mudunsa.

Yaro ƙarami ba shi da wannan gilashi tukuna. Kafin kamar shekara 7, bambanta abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba yana yi masa wuya, abin da idonsa ya gani shi ne gaskiya. Wata malama ta Jami'ar Wisconsin, Joanne Cantor, ta yi shekaru tana nazarin wannan. A 1999 ita da abokiyar aikinta Kristen Harrison suka tambayi ɗaliban jami'a fiye da 100. Kusan 9 cikin 10 suka ce akwai wasan da ya taɓa firgita su ƙwarai. Kimanin rabinsu suka ce abin ya taɓa musu barci ko cin abinci. Kimanin ɗaya cikin 4 kuwa suka ce har ranar da a ke tambayarsu tsoron bai sake su ba, waɗansu bayan shekaru. Waɗanda suka kalla suna ƙanana su ne abin ya fi daɗewa gare su. Binciken malamar ya kuma nuna cewa gaya wa ƙaramin yaro "ai ƙarya ne" ba ya yi masa amfani sosai. Abin da ya fi yi masa magani shi ne a rungume shi, a zauna kusa da shi, a ɗauke hankalinsa zuwa wani abu. Bayani sai ga wanda ya ɗan tasa.

Kada a ce ai mu ma da labarin Dodo muka tashi. Haka ne, amma ku tuna yadda a ke yinsa. Kaka ce ke bayarwa, yaro yana jingine da ita. Dodon da ya ke gani shi ya zana abinsa a ransa, daidai ƙarfin zuciyarsa. In ta ga ido ya raina fata sai ta sassauta murya, a ƙarshe kuma ta rufe da ƙurunƙus, kowa ya san an dawo gida. Sinima kuwa ba ta ganin fuskar yaro, balle ta sassauta.

To, Malam, ga amsarka. Fatalwar da ke cikin hoto ƙagagga ce, ƙanenka ya yi gaskiya a nan. Amma tsoron da ya kama 'yarka na gaskiya ne, irin wanda a ke aunawa a jini da zuciya, kai ma ka yi gaskiya. Abin yi kaɗan ne. A daina kallon a gaban yara. A nan Ingila hukumar da ke duba sinima ta sa wa Insidious da The Conjuring alamar 15, watau ba a shigar da wanda bai kai shekara 15 ba, lambar nan kuwa ta kan fito a jikin wasan, sai a riƙa dubawa. Kada a yi wa yarinyar dariya, kada kuma a tura ta cikin duhu da sunan koya mata jarunta. A bar mata 'yar fitila, a raka ta in za ta fita, a riƙa rage rakiyar kaɗan kaɗan. Yawancin yara su kan warware cikin kwanaki ko makonni. In an yi wata guda abin bai ragu ba, ko ya hana ta cin abinci ko karatu, a kai ta ga likita. Ƙanenka kuwa ka ba shi labarin Darwin da kasa, ka bar shi ya yi lissafin sauran da kansa.

Jama'a, nan za mu dakata. Mai tambaya ya aiko mana da takarda kamar yadda aka saba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.